Na Gaji da Kemo, Amma Kowa “Da Sauƙi” Yake Ji Daga Bakina

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 43, ’ya’yana uku, muna zaune a Agege. Asalinmu ta wajen Funtuwa ne, maigidana yana sana’ar kayan gwari a kasuwar Mile 12. Shekara biyu da rabi ke nan da aka gano ina da sankarar mama. An cire min nonon hagu, an yi min kemo, wato ƙarin ruwan maganin sankara, na samu sauƙi har na koma kan keken ɗinkina. Bara bayan babbar Sallah bayana da ƙuguna suka fara ciwo, aka yi hoto, aka ce in koma kemo. Ba wanda ya faɗa min dalili. Likita ya ja maigida gefe suka yi magana da Turanci, da muka fito ya ce min wai ɗan saura ne za a wanke. Sai da wata mata da muke bin layi tare ta karanta min takardata na san ciwon ya shiga ƙashin baya da na ƙugu, mataki na huɗu ne. Har yau maigida bai san na sani ba.

Anti, na gaji. Duk sati uku muna fita tun kafin asuba don gudun cunkoso, mu dawo bayan isha’i. Kwana biyar bayan kemo ko ruwa ba ya zama a cikina. Yatsuna sun mutu, ko allura ba na iya riƙewa. Dare ba na barci saboda baya. Amma duk wanda ya ce ya jiki sai in ce da sauƙi, har shi likitan. Maigida ya sayar da filinsa na gida, yanzu na ji yana cigiyar mai sayen motar da yake ɗauko kaya da ita. Innata kullum tana waya in dawo gida, wai akwai mai magani a wani ƙauye da ya warkar da mutane da yawa, asibiti cin kuɗi ne kawai. Babbar ’yata shekararta 19, ta ajiye karatu tana jinyata. Na tsakiya 15, auta 9. An ce musu ciwon baya ne.

In na ce a dakatar da kemon nan, na yi wa mijina butulci ke nan, ko na yanke ƙauna daga rahamar Allah? In koma gida ko in zauna? Yaran fa, in faɗa musu? Tsorona in tafi in bar su ba gida ba jari saboda ni.

Daga wata ’yar’uwa a Agege

Wa’alaikumus salam ƙanwata. Sannu, sannu ƙwarai. Allah ya sa kaffara ne, ya kawo miki sauƙi na gaske wanda jiki zai shaida. Sau uku na karanta wasiƙarki kafin in iya fara rubutu, kuma kowane karo a wuri ɗaya nake tsayawa, inda kika ce har likita “da sauƙi” kike ce masa.

Bari in fara cire miki ƙayar da ta fi soka. Gajiyar da kike ji ba butulci ba ce, kuma ba yanke ƙauna ba ce. Mace da aka yi wa tiyata, aka yi mata kemo zagaye biyu, tana fita daga Agege cikin duhu da ƙashin baya mai ciwo, in ta ce ta gaji gaskiya ta faɗa. Jiki magayi ne. Sai dai na lura kin ajiye wa kanki hanya biyu kacal: ko ki ci gaba da wannan kemon a yadda yake har ƙarfinki da jarin gidanku su ƙare tare, ko ki tattara ki hau motar Arewa ki bar asibiti gaba ɗaya. Tsakanin waɗannan biyun akwai fili mai faɗi, kuma a nan nake so ki tsaya. Abin da ya hana ki ganin filin shi ne an yi maganar jikinki a bayan idonki, ke kuma kina biyan kowa da “da sauƙi”.

Mu Hausawa da wannan kalma aka raine mu. Ko mutum yana kan gargara, in aka ce ya jiki, da sauƙi zai ce, kuma akwai ladabi da godiyar Allah a cikinta, ban raina ta ba. Amsar masu dubiya ce, ki ci gaba da ba su. Amma likita ba dubiya ya zo ba. Da amsarki yake auna ko zai rage ƙarfin magani, ko ya canza shi, ko ya ƙara miki na ciwo. In kika ce da sauƙi, abin da zai rubuta a fayil shi ne jikinki yana ɗaukar maganin, ya sake rubuta miki irinsa bayan sati uku. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutuwar yatsun nan da kika ambata sananniyar illa ce ta wasu magungunan kemo, suna taɓa jijiyoyin hannu da ƙafa, kuma in aka ci gaba ba a rage ba tana iya zama ta dindindin. Ke da allura da zare ne abincinki, wannan kaɗai ya isa a zauna a sake duba maganin. Amai na kwana biyar ma ba wajibi ba ne. Magungunan tsayar da amai iri-iri ne, in ɗaya bai yi ba ana haɗa shi da wani, ana kuma ba da na sha a gida tun kafin tashin zuciyar ya fara.

Ni ba likita ba ce, kuma fayil ɗinki ba a gabana yake ba, don haka hukunci na likitanki ne da ke. Amma zan faɗa miki abin da ya kamata a ce an zaunar da ke an faɗa miki tun bara. Sankarar mama in ta shiga ƙashi, a mafi yawan lokuta likitoci ba sa alkawarin fitar da ita gaba ɗaya. Abin da suke nema shi ne su danne ta, su hana ta gudu, su rage ciwo, mutum ya yi rayuwarsa tare da ita. Akwai matan da suke shekaru a haka, musamman waɗanda ciwon ya tsaya musu a ƙashi bai taɓa hanta ko huhu ba. Wa’adi kuwa ba ya cikin takardar kowa. Tunda manufar maganin ita ce ki rayu kuma ki ji daɗin rayuwar, maganin da ya kwantar da ke rabin kowane wata dole a tambaye shi me yake biya. Wannan tambaya haƙƙinki ce.

Saboda haka zuwanki na gaba, ki shiga ɗakin likita da takarda a hannu, ki ce kina so a yi maganar da ke. In Turanci ne matsala, ki nemi nas ko ma’aikaci mai jin Hausa, ko a yi da Turancin buroka in kina ji, ko ki tafi da wadda kika amince za ta fassara miki ba ragi. Ki tambaye shi me ake fata wannan kemon ya yi, kuma hoton ƙarshe ya nuna yana yi ko ba ya yi. Ki tambaye shi wane iri ne ciwonki, domin sankarar mama ba ɗaya ba ce. A naman da aka cire miki ana yin gwaji a ga ko ciwon yana cin abinci daga sinadaran jikin mace, ana kuma duba wani abu da ake kira HER2. In naki mai bin sinadaran mace ne, akwai ƙwayoyin sha irin su tamoxifen da letrozole da ake sha kullum a gida, ba sa zubar da gashi, ba sa kwantar da mutum kamar kemo, kuma sau da yawa da su ake fara danne irin wannan ciwo in ya shiga ƙashi. In ba irinsa ba ne, akwai kemo na ƙwaya kamar capecitabine, akwai rage awo, akwai ba jiki hutu na ɗan lokaci ana sa ido. Ban ce ɗaya daga ciki zai dace da ke ba. Na ce ki san suna nan, ki ji daga bakinsa dalilin da ya sa za su yi ko ba za su yi ba. Sannan ki yi masa tambayar da mutane ke jin nauyi: in na dakata gaba ɗaya, me zai faru, kuma wace kulawa zan samu? In bayan kin ji duk wannan kika zaɓi a tsayar da kemo a koma kula da ciwo kaɗai, zaɓi ne da likitoci suka sani suke kuma girmamawa. Ni dai abin da ba na so shi ne ki yanke shi cikin duhu, a daren da baya ya hana ki barci.

Ciwon bayan nan shi ne na fi so a fara da shi, ko kafin maganar kemo, domin wanda bai yi barci ba ba ya iya shawara. Akwai fanni guda a asibiti da aikinsa ke nan, kulawar sassauta raɗaɗi, likitoci suna ce masa faliyetib. Mutanenmu suna gudunsa, suna ɗauka ɗakin jiran mutuwa ne. A 2010 an wallafa wani bincike da aka yi a Boston ta Amurka kan mutum 151 masu sankarar huhu da ta bazu. Waɗanda aka haɗa musu wannan kulawa tun farko tare da maganinsu sun fi jin daɗin rayuwa, baƙin ciki ya fi yi musu sauƙi, har sun fi sauran daɗewa da kusan wata uku. Ciwonsu daban da naki, amma darasin ya shafe ki: ana haɗa ta da magani, ba sai an sallami mutum ba. Ki ce a tura ki wajensu.

In suka rubuta miki mofin, kada ki tsorata. Na san yadda tiramol da kodin suka ɓata sunan duk wani maganin ciwo mai ƙarfi a unguwanninmu, har mara lafiya yana jin kunyar karɓa. Mofin da likita ya auna wa mai ciwon daji, ana sha a kan lokaci kamar yadda aka tsara, ba shaye-shaye ba ne, kuma ba alamar ƙarshe ya zo ba ce. Sirrinsa a sha shi bisa agogo, kada a jira sai ciwo ya taso. Yana busar da ciki, don haka a haɗa miki da maganin sassauta bayan gida tun ranar farko. Shi kuma ƙashi yana da nasa magani. Akwai ƙarin ruwa mai ƙarfafa ƙashi da rage haɗarin karaya, wanda ake duba ƙoda da haƙora kafin a fara. Akwai kuma gashin ƙashi da hasken na’ura a daidai inda ke ciwo, wani lokaci zama ɗaya tak ko biyar, sauƙin ya biyo baya cikin ’yan makonni. A Legas ana yin sa, cibiyar ciwon daji ta asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, wadda aka buɗe a watan Fabrairun 2019, tana cikin wuraren da ke da na’urorin. Abin da zan roƙe ki ki bari shi ne aika yaro kemis ya sayo miki masu kashe ciwo irin su diclofenac da ibuprofen kina sha ba lissafi. Suna iya cin ciki su taɓa ƙoda, ke kuwa ƙodarki tana da aiki a gabanta.

Abu biyu kuma ba a kwana da su, ki faɗa wa duk wanda ke gidan. In kina kan kemo zafin jikinki ya kai 38 a ma’auni, ko sanyi ya kama ki kina karkarwa, asibiti za a tafi a daren, kada a ce maleriya ce a sha magani a gani. Kemo yana karya sojojin jini, galibi tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an yi shi, ƙaramar cuta tana iya zama babba cikin sa’o’i. Ki sayi ma’aunin zafin jiki ki ajiye kusa da gado. Na biyu, tunda ciwon yana ƙashin baya, in kika ji ƙafafunki sun yi nauyi ko sun mutu, ko fitsari ya ƙi fita, ko ya zubo ba ki sani ba, wannan alamar ana danne laka ce, kuma saurin zuwa shi ke ceton tafiyar mutum.

Yanzu maigida. Ƙanwata, mutumin nan yana sonki. Wanda ya sayar da filinsa na gida, ɗan Arewa da ke Legas, kin san abin da ya sayar: wurin da yake fatan komawa ya tsufa. Ƙaryar da ya yi miki ta tsoro ce. Yana ganin in kika ji za ki karaya, shi ya sa ya haɗiye abin shi kaɗai, yana sauke kwandunan tumatir da rana, da dare yana lissafi. Ban ce ya yi daidai ba. Bai yi ba, shi ma likitan da ya biye masa bai kyauta ba, domin jikin naki ne, kuma babu wanda ya fi mai ɗaki sanin inda yake yoyo. Amma dubi yadda gidanku ya zama. Shi yana ɓoye miki abin da kika riga kika sani, ke kina ɓoye masa cewa kin sani, kowa yana kuka a ɓoye don kada ɗaya ya gani. Nauyi ɗaya ne kuke ɗauka sau biyu.

Ke ce za ki iya kwance wannan ƙulli, don shi ba zai taɓa farawa ba. Ki zaɓi dare mai natsuwa, ba na bayan kemo ba, yara sun yi barci. Ki fara da godiya, ki ambaci filin da sunansa don ya san kin san girman abin da ya yi. Sannan ki ce masa, “Maigida, na san inda ciwon nan ya kai, na daɗe da sani, kuma ban riƙe ka da komai ba. Ina so daga yau mu riƙa shiga wajen likita tare, a yi maganar da ni.” Zai iya yin shiru, zai iya musantawa, zai iya fita waje. Ki ba shi kwana biyu. In kin ga bakinki ba zai iya ba, ki sa wanda yake jin nauyinsa ya zauna tare da ku, yayansa ko limamin masallacinku.

Maganar mota kuwa, a nan ina tare da ke ɗari bisa ɗari: kada a sayar da ita yanzu. Fili ajiya ne, mota kuwa ita ce bakin da gidan ke ci da shi, ita ce ma ke biyan maganin. In ta tafi, kuɗinta zai ƙare cikin ’yan watanni, a wayi gari ba magani ba abinci. Ki ce masa a dakata har a ji daga likita ko akwai hanyar da ta fi sauƙin kuɗi, kuma ku faɗa wa likitan ƙarfin aljihunku ƙarara, domin sau da yawa akwai magani iri ɗaya na kamfani daban mai rahusa. A manyan asibitocin gwamnati akwai ofishin walwalar marasa lafiya, ku nemi ganin jami’insa. Gwamnatin tarayya ta fara wani asusun tallafa wa masu ciwon daji marasa ƙarfi a 2021, wanda ya shafi sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza (prostate), kuma asibitin koyarwa na Jami’ar Ahmadu Bello da ke Shika da na UCH Ibadan suna cikin waɗanda aka fara da su. Ku tambaya yadda ake shiga. Ku tambayi kuma abin da inshorar lafiya ta jihar Legas, Ilera Eko, za ta iya ɗauke muku, ko da gwaje-gwaje ne. Sannan maigida ya sauke kunya ya sanar da shugabannin ’yan kasuwarsu da masallacin unguwa. Mara lafiyar da jinya ta cinye masa dukiya, ko bashi ya hau kansa, yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su. Shekara nawa yana ba da gudummawa in an zo da takardar wani? Yau layi ya zo kansa, ba abin kunya ba ne.

Inna kuma uwa ce, ɗiyarta tana ciwo a nisan tafiyar yini da kwana, ba ta da abin da za ta iya yi sai waya. Da ta ce ki dawo a yi na gargajiya, rabin maganar ita ce tana so ta gan ki, ta shafa kanki, ta dama miki kunu da hannunta. Wannan buƙata ki biya mata ita. Amma mai maganin ƙauyen nan, ina roƙonki da girman Allah ki yi hattara. Na ga mata da yawa da suka bar asibiti suka tafi irin wannan wuri, aka yi ta ba su jiƙe-jiƙe, wasu har da tsaga da ɗaura magani a kan ciwo, suka dawo bayan watanni da gyambo da ƙodar da ta gaza, kuɗin da ake gudun kashewa kuma an kashe shi can. Waɗanda aka ce ya warkar, labarinsu ake ji. Waɗanda suka rasu a hannunsa, an ce kwana ne ya ƙare, ba mai ƙirga su. Saiwar da ba a san awonta ba hanta da ƙoda ne ke tace ta, su ne kuma ke tace kemo. Addu’a, ruƙiyya, ruwan zamzam, sadaka, karatun Alƙur’ani a kanki, duk ki riƙe su da hannu biyu, ba sa karo da asibiti. Duk abin da za a haɗiya kuwa, ko da habbatussauda ce da yawa, a fara nuna wa likita. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali, kuma neman sani kafin a sha abu yana cikin ɗaurin.

In da hali, a turo wa Inna kuɗin mota ta zo Agege ta yi wata ɗaya ko biyu, ta shiga wajen likita da ku ta ji da kunnenta. In kuma bayan kun yi shawara zuciyarki ta fi kwanciya da komawa gida kusa da dangi, wannan ma hanya ce mai mutunci, kuma ba ta nufin barin magani. Shika ba ta da nisa da Funtuwa, suna da sashen ciwon daji. Sai dai a yi shi da tsari: takardar turawa daga likitanki, kwafin sakamakon gwajin nama da hotuna da jerin magungunan da aka yi miki, maganin ciwo da zai kai ki har ki ga sabon likita, kuma a tambaya ko bayanki zai ɗauki doguwar tafiyar mota ko sai jirgi. Ki auna kuma cewa maigida ba zai iya barin kasuwa ya bi ki ba, yara suna makaranta a nan. Ni a ganina ki fara gyara maganin a Legas, ki samu barci da ƙarfi, sannan ki je ganin gida da ƙafarki.

Yara sun san fiye da yadda kike zato. Labarin zuciya a tambayi fuska, su kuwa kullum fuskarki suke karantawa. Babbar, wadda take wanke miki kwanon amai, ta ga gashinki ya zube sau biyu, tana da waya a hannu, kina ganin ba ta bincika ba? Mai yiwuwa ita ma tana ɓoye miki saninta ne. Ki zaunar da ita ita kaɗai ki faɗa mata sunan ciwon da inda ya kai, ku yi kukanku tare. Sannan ki yi mata abin da zai fi kowace wasiyya amfani: ki mayar da ita makaranta. A nemo wata daga gida, ƙanwarki ko ’yar ɗaki, a raba jinyar da maƙwabta da matan Islamiyyarku, wannan ta raka ki asibiti, waccan ta kawo abincin rana. Yarinya ’yar 19 ba za ta ce miki ta gaji ba, kamar yadda ke ma ba ki ce ba. Ki kuma koya mata duba mamanta, ta san cewa in ta girma ta riƙa faɗa wa likita tarihin mahaifiyarta. Na tsakiya a faɗa masa gaskiya daidai hankalinsa, ya fi kyau daga bakin babansa kina wurin, a ba shi wani aiki nasa, kamar lura da lokacin shan maganinki, don samari sun fi iya ɗaukar damuwa in hannunsu yana yin wani abu. Auta kuwa kalmomi kaɗan sun ishe shi: Umma tana da ciwo mai suna kansa, ba a ɗaukarsa, ba laifin kowa ba ne, likitoci suna ba ta magani, kuma kullum akwai mai kula da kai. Yara masu shekarunsa sukan ɗauka rashin jinsu ne ya jawo, don haka ki maimaita masa cewa ba shi ba ne. In ya tambaye ki ko za ki mutu, kada ki rantse masa da abin da ba ya hannunki. Ki ce ciwon babba ne, ana yin duk abin da za a iya, rai na Allah ne, kuma in wani abu ya canza ba za a ɓoye masa ba.

Tsoron da kika rufe wasiƙarki da shi, na barinsu ba komai, yana raguwa in aka mayar da shi rubutu. Ki rubuta abin da kika mallaka, keken ɗinki, ’yan kunne, zubin adashe, bashin da ake binki da wanda kike bi, da wanda kike so ya riƙe auta in ta Allah ta kasance. Wasiyya ba ta kiran mutuwa, an umarci mai lafiya ma ya yi ta. Sa’adu ɗan Abi Waƙƙas ya kwanta ciwo a Makka shekarar Hajjin Bankwana har ya ɗauka tafiya ce, ya tambayi Annabi nawa zai yi wasiyya da shi, aka ce masa sulusi, sulusin ma da yawa. Ya tashi daga wannan ciwo ya ƙara sama da shekara 40 a duniya. Ki rubuta, ki ba maigida ko wani amintacce, ki samu wurin numfashi a ƙirjinki.

Ibada kuma kada ki matsa wa kanki. In tsayuwa ta gagara ki yi salla a zaune, in zama ya gagara ki yi a kishingiɗe, in ruwa zai cutar da ke ki yi taimama. Azumi an ɗauke wa mara lafiya, ki tambayi malami ko ramuwa ce a kanki ko ciyarwa. Abinci ki ci abin da ya shiga, kaɗan-kaɗan sau da yawa: kunun gyaɗa, alale, dafaffen ƙwai, farfesun kifi. Masu cewa ki bar nama da duk wani abu mai zaƙi don kada ciwo ya ci, ki bar su da maganarsu, ramewa ce babbar abokiyar gabarki yanzu. Nonon da ba a dafa ba da tsiren bakin titi dai ki ɗaga musu ƙafa a kwanakin da jini yake ƙasa. In kuma kika ga baƙin ciki ya rufe ki makonni, ba kya son ganin kowa, ko kina jin gara ma ki tafi, wannan ma ki faɗa wa likita kamar yadda za ki faɗi ciwon baya, yana da magani.

Kafin ranar asibiti ta zo, ki sa babbar ’yarki ta samo ƙaramin littafi. Kowace rana a rubuta sau nawa kika yi amai, awa nawa kika yi barci, ciwon ya kai nawa in aka auna daga 1 zuwa 10, me kika iya ci, me yatsunki suka kasa riƙewa. Ranar da likita ya ɗago ya ce ya jiki, ki miƙa masa littafin. Ki sake rubuto min bayan nan in ji abin da ya ce game da gwajin naman da kuma maganin bayan, da yadda kuka kwashe da maigida. Ina sa ki a addu’a, ke da shi da yaran da Inna. Allah ya ba ki barci mai daɗi a daren yau.